Tuwo, Waƙa, Gem da Addini: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini

Ni malamin sakandare ne a Kano, kuma kusan kullum bayan sallar isha'i ina zama a majalisar ƙofar gidanmu, gefen teburin mai shayi. Tsakanin aji da wannan benci, tambayoyi iri ɗaya suke ta dawo mini, daga ɗalibai, daga ƙannena, daga iyayen yara da suke tare ni a hanya. Wasu a kan abinci, wasu a kan waƙa da fim, wasu a kan gem, kuma kusan kowacce in aka bi ta a hankali sai ta ɓulle ga addini. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa na amsa su a nan. Inda magana ta shafi hukunci, abin da malamai suka faɗa nake kawowa. Inda ta shafi harshe da kunne, ra'ayina ne, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Tuwo ko shinkafa, wanne ya fi?

A wurina tuwon dawa miyar kuka, a ɗiga man shanu, a sa yaji kaɗan a gefe. In ya kwana aka yi ɗumame da safe har ya ɗan kama ƙasan tukunya, to babu abin da zan ɗora a kansa.

Amma ina roƙon masu irin bakina su lissafa aikin da ke cikin malmala ɗaya kafin su yi wa matan gida faɗa a kan sun koma shinkafa da taliya. A surfa dawa, a wanke, a shanya, a kai niƙa, a tankaɗe, a ɗora ruwa, a yi talge, a jira ya nuna, a tuƙa da muciya har kafaɗa ta yi tsami, a rufe ya turara, sannan a kwashe da mara. Miya kuma nata aikin daban. A gidan da muka tashi, mata huɗu ne da 'yanmata suke raba wannan wahala, ga itace jibge a tsakar gida. Yau mace ɗaya ce a ɗaki biyu na haya, ta dawo daga wurin aiki ko shago bayan la'asar, ga tukunyar gas da ake lissafin kowane mintinta. Shinkafa kuwa kafin a kira magariba ta sauka. A yarintarmu sai Sallah ko biki muke ganinta, yanzu ga ta ana nomawa a Kura da Haɗeja da Kebbi, kowane shago akwai ta. Maigidan da yake son tuwo sau uku a mako, ya ɗauki nauyin surfe da niƙa ya kawo gari a shirye, zai ga an tuƙa masa ba gardama.

Daddawa ko magi?

Daddawa, kuma wannan ba na sassauta shi. Kakata ta wajen uwa sana'arta ke nan, don haka na san ta tun tana kalwa. Ana ɓare 'ya'yan ɗorawa a cire garin nan rawaya da yara ke sha, a ware ƙwayar. A dafa ta kusan yini guda, a surfa a wanke ɓawon ya fita, a sake dafawa, sannan a juye a kwando a lulluɓe da ganye da tsummoki a bar ta kwana biyu ko uku. Ranar da aka buɗe, duk layin sai ya sani. Daga nan a daka, a mulmula, a shanya a kan tabarma. In na ce mata, "Kaka, wari," sai ta ce, "Jira ta shiga miya tukuna, ɗan nema."

Magi ɗan ƙasar Suwizalan ne, kamfanin Nestlé yake da shi tun 1947, kuma ba na musun ya sauƙaƙa girki. Damuwata gishirin da ke cikinsa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Mu kuwa a tukunya guda sai a jefa dunƙule huɗu, a ƙara farin magi, a kuma barbaɗa gishiri, alhali gidaje nawa ne babu mai hawan jini a cikinsu? Miyar da ta samu daddawa mai kyau da albasa da ɗan busasshen kifi, dunƙule ɗaya ya ishe ta.

Indomie ba ta kashe abincinmu na gargajiya ba kuwa?

Kafin na amsa, ina tambayar mai tambayar ya lissafa mini abincin gargajiyar. Yakan ce tuwon masara, ƙuli-ƙuli, rogo da yaji, miyar tumatir. To masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka taso, sun iso Afirka ne bayan Turawan Fotugal sun fara zirga-zirga a teku, shekara ɗari biyar da 'yan kai. Gyaɗar da muka yi dala da ita a Kano baƙuwa ce a da. Waɗanda suka tsufa a ƙasar nan su ne gero, dawa, wake, acca, kuka, kuɓewa da ɗorawa. Indomie 'yar Indunusiya ce, ta shigo Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka fara yin ta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, yau kuma mai shayi ya riga ya mayar da ita tamu da attaruhu da albasa da ƙwai.

Baƙuncinta bai dame ni ba. Abin da nake gani a aji shi ya dame ni: yaro ya karya da ita zalla, ya dawo ya sake cinta da dare, babu wake, babu ganye, babu kifi. Ɗanwake da ƙosai da dambun zogale sun fi ta riƙe ciki da gina jiki, sau da yawa kuma sun fi ta arha.

Tsire, balangu ko kilishi?

Tsire in ana zaune a gaban tukuba, a zare shi daga tsinke da zafinsa. Balangu in za a kai wa iyali. Kilishi na tafiya ne da tsaraba, domin an yanka shi falle-falle an shanya, an tsoma a tunkuza da kayan yaji, an sake shanyawa, an nuna masa wuta, shi ya sa yake daɗewa bai lalace ba. Kanawa za su ce na Agadasawa, mutanen Nijar za su ce nasu, kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi.

Abin da ya kamata matasanmu su sani shi ne nisan da wannan girki ya yi. A Gana ana cin "waakye", daga kalmarmu ta wake, ana shan kokon da suke kira na Hausa, ana cin "tuo zaafi". A Kamaru tsire "soya" ne, a Sudan "agashe". Fatake da mahauta da mahajjatan ƙafa ne suka kai su, tun ba a san tallar talabijin ba.

Me ya sa ku manya kullum kuke cewa waƙoƙin da sun fi na yanzu?

Wannan tambayar ɗalibaina suke jefo mini da ɗan fushi, kuma suna da gaskiya ta wani ɓangaren. Bari na fara da abin da muke kewa. Narambaɗa da Ɗankwairo da kotsonsu a fada, Mamman Shata da kalangu, Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, Barmani Choge da ƙwaryar amada a cikin mata. Waɗannan mutane a gaban jama'a suke ƙera waƙa. Makaɗi yana tsaye ya hango wani ya shigo taro, nan take ya saka shi a baiti, ya kawo asalinsa da garinsu, 'yan amshi su karɓa ba tare da an yi tuntuɓe ba. Kafin mutum ya kai nan, ya yi shekaru yana amshi a bayan wani, ya haddace kirari da tarihin gidaje da karin magana. Shi ya sa za ka saurari baiti ɗaya sau goma, a na goma sha ɗaya ka gano habaicin da ke ƙarƙashinsa. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015, har yau kuma ana rubuta kundin digiri a kan Hausarsu.

Yanzu ga inda yaran suke da gaskiya. Makaɗan wancan zamani dubbai ne, waɗanda muke ji yau 'yan ƙalilan ne da suka tsira daga rariyar shekaru. Marasa daɗin sun tafi da masu su. Muna ɗaukar zaɓaɓɓun shekara hamsin muna gwada su da duk abin da aka saki a makon jiya, wannan kuwa ba adalci ba ne. Sannan mu tuna su ma a lokacinsu ba a bar su ba. An kira su maroƙa, an hana su auren 'ya'yan wasu gidaje, an yi wa'azi a kansu.

Fiyano da kwamfutar da ke gyara murya ba su ne matsalata ba. Talaucin kalma ne yake ɓata mini rai. Ka ji waƙar soyayya ta minti biyar, kalmominta ba su wuce zuciya, ruhi, hawaye da "ke kaɗai" ba, an ja su da amsa-amo har ma'ana ta tsinke. Akwai matasa a yau da in suka rera za ka san sun zauna da tsofaffi, suna da azanci, suna iya zambo mai tsafta. Su nake nema in saurara, kuma ina ce wa ɗalibina mai son waƙa ya fara da tara kalmomi kafin ya tara kuɗin situdiyo.

Don me waƙoƙin fina-finanmu suke kama da na Indiya?

Saboda a kansu muka tashi. Kwarori masu gidajen sinima ne suka riƙa kawo fina-finan Indiya arewa tun wajen shekarun 1960, aka cika Plaza da Orion da Marhaba da El Dorado ana kallo, daga baya gidajen talabijin suka ɗauka. Mutanenmu ba sa jin yaren, amma sun gane labarin: uba ya zaɓa wa 'yarsa miji, saurayi talaka, kunya a gaban manya, mace da mayafi. Wannan ya fi kusa da mu a kan fim ɗin kaboyi. Da aka fara fim ɗin Hausa na kaset ɗin bidiyo a Kano a 1990, masu yin sa da wannan kunnen suka shigo. Sunan Kannywood ya fito a wata mujalla a 1999, Hukumar Tace Fina-finai ta jihar Kano kuma aka kafa ta a 2001. Har masu begen Annabi (SAW) akwai waɗanda suka ari karin Indiya suka ɗora yabo a kai.

Aro ba laifi ba ne a fasaha. Inda nake ƙorafi shi ne a ari rawar namiji da mace a lambu, abin da ba ya cikin neman aurenmu, a bar gaɗa da dandali da zance a zaure da suke namu, ba a taɓa su ba.

Kiɗa haram ne ko halal?

Ga yadda maganar take a littattafai. Mafi yawan malaman mazhabobin nan huɗu sun haramta kayan kiɗa na tsirkiya da na busa, suka togace duffi, wato bandiri, a biki da ranar idi, suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Bukhari a kan kayan kiɗa. Ibnu Hazmi na Andalus bai yarda da ingancin hujjar ba, ya halatta. Imamu Gazali ya ware babi guda a Ihya'u a kan sauraro, ya ba da dama da sharuɗɗa. Abin da babu saɓani a kansa shi ne waƙar batsa, da ta cin mutunci, da wadda ake haɗa ta da giya da cuɗanya, da duk wadda ta hana mutum salla a kan lokaci.

Waƙa zalla kuwa, wato baiti ba kiɗa, da ita aka karantar da ƙasar nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi sun yi waƙoƙi, Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta rubuta da Fulatanci da Hausa da Larabci, jajinta, wato matan da ta koyar, suka riƙa kai wa matan ƙauye a haddace.

Shawarata ga mai tambaya ita ce ya je wurin malamin da ya yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa, ya bi abin da ya gaya masa. Wanda ya bar kiɗa don taka-tsantsan ya yi abin yabo. Abin da ba na so shi ne na ga yaro ɗan shekara sha bakwai yana kiran kawunsa fasiƙi a kan mas'alar da manyan malamai suka yi shekara dubu suna tattaunawa da ladabi.

Gem ɗin waya da na talabijin ɓata lokaci ne kawai?

Zan ba da labarin gidana. Ɗan yayata ya zauna a wurina yana aji uku na ƙaramar sakandare. Wani dare wajen ƙarfe biyu na fito alwala, na ga haske yana motsi a ƙarƙashin bargonsa. Na yaye, ga shi da abin ji a kunne, gumi a goshi, yana raɗa wa wasu umarni. Dama malaminsa ya gaya mini yana barci a aji. Na karɓe wayar na kulle a durowa. Mako biyu ba ya cin abincin kirki, ba ya haɗa ido da ni, daga baya na ji yana aron wayar abokai a bayan layi. Ashe na fitar da abin daga inda nake gani ne kawai.

Sai na canza dabara. Ranar Asabar na miƙa masa wayar na ce, "Zo ka koya mini." A nan na gane su huɗu ne ƙungiya ɗaya, biyu 'yan ajinsu, ɗaya ɗan'uwansu ne a Zariya, kowa da aikinsa, shi ne mai tsara musu hanya. Ana cikin yi aka kira azahar, na ce ya ajiye. Ya ɗago ya ce, "Kawu, in na fita yanzu na bar su a tsakiyar wuta." Na ce, "To ɗana, ku ƙarasa wannan, na gaba ba da kai ba." Daga ranar muka yi yarjejeniya. Waya a ɗakina take kwana daga ƙarfe goma, babu gem tsakanin magariba da isha'i, ba a fara sabon zagaye in salla ta kusa, ranakun makaranta kuma sai an gama aikin gida. Ya karya ta sau biyu ko uku, amma barcin aji ya tafi.

Gem yana koyar da wasu abubuwa na gaske: saurin yanke shawara, aiki tare, ɗan Turanci, haƙurin faɗuwa a sake tashi. Yana kuma iya zama ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtukan da ta amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022. Alamominsa uku ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan karatu da barci da mutane, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, a ɗauki kamar shekara ana haka. Yawancin yaranmu ba su kai nan ba, tsari kawai suke buƙata. Iyaye kuma su duba lambar shekaru da ake rubutawa a jikin kowane gem. Wanda aka rubuta 18, kamar GTA, bai dace da ɗan firamare ba, ko da kuwa a gidan gem na unguwa ne. A PUBG da Free Fire da Call of Duty kuma yaro yana magana da baƙin da bai taɓa gani ba, ya kamata a san da wa yake hira.

PES ko FIFA?

Mu da muka yi zamanin PlayStation 2 a shagon da janareta ke kuka a ƙofa, gem ɗin ƙwallo na PES muka sani, kuma har gobe ina ganin ƙwallonsa ta fi kama da ta fili. Yaran yanzu FIFA suke so don yana da sunayen kulob da rigunansu na ainihi. Sunayen ma duk sun canza: kamfanin Konami na Japan ya mayar da PES eFootball a 2021, FIFA kuma ya koma EA Sports FC a 2023.

Ludo, kati da "wanda aka ci shi ke biya" fa?

A nan ba na wasa. Allah ya haɗa caca da giya a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, ya ce a nisance su. Duk wasan da kowane ɓangare ya zuba wani abu, wanda ya ci ya kwashe, caca ne, ko a kati, ko a dara, ko a waya. Al'adar gidan gem ta wanda aka ci ya biya kuɗin wasan, malamai da yawa sun sa ta a wannan layin. Ku raba kuɗin biyu, ko ɗaya ya biya don kyauta tun kafin a fara. Ludo kuwa, ko babu kuɗi, malamai da dama sun hana shi saboda hadisin da ke cikin Muslim mai tsananta hani a kan wasan nardu, wanda da ƙwayar jefawa ake yin sa.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce cacar ƙwallo ta waya, da yara ke kira "bet". Ba a ganinta, babu shago, babu kunyar shiga. Na san ɗalibin da ya zuba kuɗin jarrabawarsa a wasan Asabar ɗaya, mahaifiyarsa ta sayar da akuya ta sake biya. Akwai kuma akwatunan sa'a da ake saya a cikin gem, ka biya ba ka san me zai fito ba. Ƙasar Beljiyam ta ɗauke su a matsayin caca tun 2018.

Me ya sa matasa suka fi son Arsenal da Madrid a kan kulob ɗin gida?

Ido abin da aka nuna masa yake so. Wasan Ingila da Sifaniya yana zuwa har gidan kallo na lungu da hoto tangaran, ana maimaita kowace ƙwallo ta fuska huɗu. Na gida sai ka je fili. Amma wanda ya taɓa zama a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar da aka cika, ya ji dubban mutane sun ɗauki "Sai Masu Gida" baki ɗaya, ya san akwai abin da talabijin ba ta kawowa. An kafa Kano Pillars a 1990, ta ɗauki kofin lig a 2008, sannan sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, Ahmed Musa kuma daga nan ya tafi Turai. Ba na hana kowa kulob ɗinsa na waje. Abin da na kasa fahimta shi ne abokai biyu su yi gaba, wani lokaci har da makami, a kan wasan da aka buga a Landan.

Ya halatta na ɗauki karatun addini daga TikTok?

Tunatarwa, e. Hukunci, a'a. Bidiyon daƙiƙa talatin yankakke ne daga karatun awa biyu, kuma mai yankawa inda zai tayar da ƙura yake nema, domin ƙura ke kawo mabiya. Sau nawa aka yaɗa cewa malam wane ya ce kaza, da aka nemo cikakken karatun sai aka ga maganar wasu yake kawowa don ya warware ta? Na ga ɗalibai sun haddace raddin malamai goma a kan juna, ka tambaye su farillan alwala su yi shiru. Iyayenmu da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala suka fara, a zaure, a gaban malamin da ya san sunansu, wanda in sun karanta ba daidai ba zai ce a sake. Wayar tana da amfani ga wanda zai saurari tafsiri ko darasi daga farkonsa zuwa ƙarshe, musamman mata da 'yan ci-rani da ba su da makaranta kusa.

Tashe al'ada ce ko shirme?

Al'ada ce mai hikima, in an bar ta a hannun masu ita. Daga goma ga azumi yara suke fitowa bayan shan ruwa, wani ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wani ya rataya tarkacen saiwoyi ya zama mai magani, 'yanmata su kwaikwayi zaman miji da mata. A cikin dariyar ake yi wa marowaci da mai ci da addini da gwauron da ya ƙi aure hannunka mai sanda. A 'yan shekarun nan an sha dakatar da tashe a Kano saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da suke fakewa da shi, kuma na fahimci dalilin. Abin da nake fata shi ne masu unguwanni da makarantun Islamiyya su riƙa shirya shi a fili ɗaya, da wuri, da manya a tsaye. Hawan Sallah na Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a Disambar 2024 saboda an riƙe shi ana yi, an kuma san masu kula da shi.

Maƙwabcina Kirista ya aiko mana da abincin Kirsimeti, mu ci?

Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi, in dai ba naman alade ko giya ko mushe ba ne. A kan abincin ranar bikinsu malamai sun yi bayani daban-daban, da yawa sun ce karɓar kyautar maƙwabci ba shiga ibadarsa ba ce, wasu suka fi son a kauce wa abin da aka yanka don bikin. Ka tambayi malaminka ka bi. Ko wanne ka ɗauka, kada ka wulaƙanta wanda ya aiko, kada ka bari yara su zubar a gabansa.

Mutane suna mantawa akwai Hausawa Kirista, akwai kuma miliyoyin da da Hausa suke ibada a coci. An kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. Lokacin da na yi karatu a Zariya, ɗakin da ke kusa da namu na wata mata ce 'yar zumuntar mata ta coci daga kudancin Kaduna, muna ce mata Mama. Duk Disamba sai ta kira ɗayanmu ta ce, "Ɗana, zo ka yanka mini kajin nan, don ku ma ku ci." Mu yanka, ta soya, ta aiko da shinkafa a babban kwano mai murfi. Ranar babbar Sallah kuma mu ne muke kai mata cinya guda da soyayyen nama, a cikin wannan kwanon nata da muka riƙe tun Disamba.